Kafin a ƙara wa mota fitila



A wannan fitowa za mu tsaya ne a kan wata wasiƙa da ta iso mana daga Tasawa. Mai wasiƙar magidanci ne, yana da ƙaramar motar kaya irin Kangoo ɗin nan ta tsohon yayi. Da ita yake ɗauko hajar shagonsa daga Maraɗi, da ita kuma yake kai iyali ƙauye idan an yi haihuwa ko rasuwa. Ya ce idan hunturu ya kama, ya taso daga Maraɗi bayan magariba, da ƙyar yake ganin gabansa. Abokansa sun ba shi shawara a ɗaura masa doguwar fitilar nan ta LED a saman rufi, a ƙara wasu biyu a gaba. Tambayarsa ita ce wace iri zai saya, kuma wat nawa ya kamata ƙarfinta ya kai.

Malam, mun gode da wannan tambaya, domin ta taɓa mana wani tsohon miki. Shekaru uku ke nan, cikin watan Janairu, muna dawowa daga ta'aziyya a wajen Gazawa da motar gidanmu, wadda ita ma ƙaramar motar kaya ce. Ƙanenmu ke tuƙi, mahaifiyarmu da ƴan'uwanta biyu suna baya. Hazo ya sauka tun da rana, dare kuma ya same mu a hanya. Sai ga wata mota ta tunkaro mu da fararen fitilu huɗu a jere. Ƙanenmu ya yi mata alama sau biyu ta rage, ba ta rage ba. Gilashin gaba ya koma fari fat, ba kwalta, ba gefen hanya. Allah ya sa ya riga ya cire ƙafa daga wuta ya taka birki. Da motar ta wuce, idanunmu suka dawo, sai ga amalanken shanu shaƙe da kara ƴan taku kaɗan a gabanmu, wani yaro a kwance a samansa yana barci. Babu wanda ya ce uffan a cikin motar har muka shiga Agye.

Abin da ya biyo baya shi ne abin kunyarmu, kuma don shi muke ba da labarin. Darasin da muka ɗauka a wannan dare shi ne, mu ma mu ƙara fitila. Cikin makon muka sayi manya guda biyu, muka kai wa wani mai gyaran waya, ya jona mana su cikin rabin awa. Muka yi ta yaba saurin hannunsa. Ba a yi wata ɗaya ba, wata rana da dare, ƙaurin roba ya cika motar, hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari, fitilun gaba duka suka ɗauke lokaci guda, na asali da na ƙari. Kuɗin da muka kashe wajen sake wayoyi da makunni ya ninka kuɗin fitilun. A zaman gyaran nan ne, wurin wani dattijon makaniki mai haƙurin bayani, da kuma ƴan karance-karancen da muka yi daga baya, muka koyi abin da za mu faɗa yanzu.

Abu na farko da ake ruɗewa a kansa shi ne, a kasuwa kowace fitilar ƙari ana ce mata antiburuyar, alhali iri biyu ne, kuma aikinsu kishiyar juna ne. Akwai fitilar hazo ta ainihi, wadda ake kira feu de brouillard da Faransanci. Haskenta shimfiɗaɗɗe ne, mai faɗi, gajere, kuma an yanke shi daga sama kamar an sa wuƙa. Ba ta kai ido nesa. Aikinta ta nuna maka bakin kwalta, da ramin da ke kusa, da ƙafafun dabbar da ke gefen hanya. Akwai kuma fitilar nesa, longue portée, wadda ke tattara haske ta harba shi gaba kamar mashi. Ita ƙanwar far ce, wato dogon hasken mota, kuma wurinta shi ne hanyar daji wadda ba kowa, a daren da iska ta yi garau. Doguwar fitilar LED da aka ba Malam shawara tana cikin wannan rukuni na biyu.

To me zai faru idan aka kunna ta cikin hazo? Hazonmu ba irin na Turai ba ne, wanda raɓa ce ke rataye a iska. Namu ƙura ce mai laushi, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara tsakanin Nuwamba da Maris, kuma kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na arewacin Cadi yake tasowa, wurin da masana ke lissafawa a sahun gaba na wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Amma ko raɓa ko ƙura, hukuncinsu ɗaya ne a gaban fitila: kowane ƙwayar da haske ya doka tana watsa shi, wani sashe kuma ya dawo idon direba. Idan ka ƙara ƙarfin haske, ka ƙara abin da zai dawo maka. Idan kuma fitilar tana saman rufi, to haskenta zai ratsa ta daidai inda idonka ke kallo, ya haska ƙurar da ke gaban gilashinka da murfin injin kansa, sai ka ga farin bango. Duk wanda ya taɓa haska tocila a ɗakin da ake shara ya san wannan. Shi ya sa ake ɗaura fitilar hazo can ƙasa, nesa da layin ido, don haskenta ya bi ta ƙarƙashi ya kwanta a kan hanya. Ƙa'idar ƙera motoci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda motocin Turai ke bi, ta ce kada ta gaza santimita 25 daga ƙasa, kada kuma ta ɗara fitilar kod tsawo, kuma a ajiye ta kusa da gefen mota, cikin santimita 40 daga bakinta.

Akan tambaye mu batun launi. Dattawa da yawa sun fi yarda da fitila mai launin ɗorawa, kuma abin yana da asali: daga ƙarshen shekarun 1930 har zuwa 1993 doka ce a Faransa fitilun gaban mota su zama ruwan ɗorawa, kuma da irin waɗannan motoci iyayenmu suka koyi tuƙi. Zancen cewa launin ɗorawa yana huda hazo fiye da fari ba shi da ƙarfi sosai a wurin masana. Abin da ya tabbata shi ne, hasken da aka cire wa shuɗi ya fi sauƙi ga ido, ga mai tuƙi da wanda ke tahowa. Fararen fitilun nan masu ɗaukar shuɗi-shuɗi, waɗanda samari ke so don ado, su ne suka fi cizon ido. Mu dai ɗorawa muka zaɓa a karo na biyu, kuma ba mu yi nadama ba.

Sai dai kafin Malam ya ciro ko dala daga aljihu, muna roƙonsa ya duba fitilun da motar ta zo da su. Kangoo ta fara fita a 1997, Berlingo da Partner a 1996, kuma yawancin waɗanda ke yawo a garuruwanmu sun yi aikin shekaru a Turai kafin a sauke su a Kwatano ko Lome. Murfin fitilar irin waɗannan motoci galibi roba ne. Rana da yashi sukan dushe shi har ya koma kamar tsohuwar ƙwarya. Gogewa da man da aka yi don haka, ko sake murfin, yana dawo da haske mai yawa. Ƙwan fitila ma yana tsufa tun kafin ya mutu. Sannan akwai ɓarawon da ba a gani, wato tsatsa a mahaɗar wayoyi da kuma inda aka ɗaure wayar mas a jikin ƙarfe. Ƙwan halojin yana da saurin fushi: idan wutar da ke isa gare shi ta ragu da kashi 10 cikin 100, hasken da yake bayarwa yakan ragu da kusan sulusi. Mai gyara na ƙwarai zai sa na'urar awo ya gwada bolt nawa ne a batir, nawa ne kuma ke isa bakin ƙwan. Mun ga motar da aka kankare mata tsatsa kawai, mai ita ya rantse an sake masa fitila.

Akwai kuma saiti, wanda a ganinmu shi ne rabin matsalar mai wasiƙarmu. Motar kaya idan an cika bayanta da buhuna da katan-katan, baya yakan zauna, gaba ya ɗaga, fitilar kod ta bar kwalta ta koma kallon rassan itatuwa da idanun jama'a. Direba ya ga duhu a gabansa, ya ɗauka fitila ce ba ta da ƙarfi. A yawancin motocin nan na Turai akwai wani ɗan maɓalli mai juyawa kusa da sitiyari, an rubuta masa 0 zuwa 3 ko 4. Mutane da yawa sun shekara goma da mota ba su san aikinsa ba. Shi ne ke sunkuyar da fitila idan an yi lodi: mota wayam 0, mota shaƙe a ƙara lamba. Gwajin saiti kuma ba ya bukatar garaji. A tsayar da mota a wuri mai lebur, mita 10 daga bango, da dare. A auna tsawon tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da gawayi a bango daidai wannan tsawo. Iyakar hasken kod ta sama ya kamata ta faɗo kamar santimita 10 zuwa 12 ƙasa da layin. Adadin ma yakan kasance a rubuce a jikin fitilar, 1% ko 1,2%. Idan haske ya haura layin, to kowane dare kana zaluntar mutane ba ka sani ba.

Wani abu da ya yaɗu a ƴan shekarun nan shi ne cire ƙwan halojin a cusa na LED a gurbinsa. Madubin da ke cikin fitila an ƙera shi ne daidai da ɗan siririn zaren ƙwan asali, a daidai inda zaren yake zaune. Idan tushen haske ya sauya siffa ko ya gusa, sai saitin ya wargaje: haske ya cika gaban mota kusa-kusa, mai ita ya yi murna, nesa kuwa ta ƙara duhu, masu tahowa kuma su sha wahala. Haka nan ƙwai mai wat 100 a gurbin mai 55 ko 60 yana ƙona madubi ya narkar da soket.

Idan an gama duk wannan kuma har yanzu ana bukatar fitilar hazo, to sai a zo batun jona waya, inda mu muka faɗi. Lissafin ba shi da wuya. Mota tana aiki da bolt 12. Ƙwai mai wat 55 yana jan amfiya wajen 4 da rabi, guda biyu sun haura 9. Masu wat 100 guda biyu, irin waɗanda muka saya, suna jan kusan 17. Abin da mai gyaranmu na farko ya yi shi ne, ya feɗe wayar fitilar mota ya murɗa sababbin a kanta, ya naɗe da salatif. Wato ya ɗora wa waya da makunnin da aka yi don kayan jaki ɗaya kayan raƙumi. Da fis ɗin wannan layi ya fara tsinkewa, wanda gargaɗi ne a fili, sai ya musanya shi da mafi girma. Daga nan waya ce ta zama fis, ita ta narke. Mun sha ganin waɗanda ke naɗa zaren waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fis. Wannan ajiye garwashi ne a ƙarƙashin kujera.

Hanyar da ta dace ita ce a ba sababbin fitilu layinsu na kansu, kai tsaye daga batir, da waya mai kauri, milimita murabba'i 2,5 ta wadatar ga fitilu biyu masu wat 55. A sa fis a wannan layi, mai amfiya 15, kuma a sa shi dab da batir, kamar taƙi ɗaya, domin duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaro. Sannan a sa rale, wato ɗan akwatin nan baƙi mai ƙafafu huɗu ko biyar. Rale makunni ne da ƙaramar wuta ke sarrafawa don ya buɗe wa babbar wuta hanya, kamar yaron da ke buɗe wa shanu ƙofar garke. Ƙafafunsa suna da lambobi: 30 ke karɓar wuta daga batir, 87 ke kai ta fitilu, 85 da 86 su ne na ƙaramar wutar da ke fitowa daga makunnin da ke gaban direba. Da haka babbar wuta ba ta shiga ɗakin mota ko kaɗan. Ƙaramar wutar kuma a ɗauko ta daga layin ƙananan fitilun gefe, veilleuses, don kada fitilar hazo ta iya kamawa mota na ajiye ta shanye batir. Idan fitilar nesa ce, dole a ɗauko ta daga layin far, ta yadda duk lokacin da direba ya koma kod ita ma za ta mutu nan take, ba sai ya lalubi wani makunni ba.

Sauran ƴan abubuwa ne da mai mota zai iya sa ido a kai ko da bai san aikin waya ba. A cire kan batir na mas kafin a fara aiki. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, don girgizar hanyoyinmu takan sa ƙarfe ya yanke rigar waya sannu a hankali. A nisanta ta da salansa da fanka. A kankare wayar da aka sayo a gani: idan cikinta fari ne, sanholo ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba ta ɗaukar abin da ta jan ƙarfe zalla ke ɗauka. Wayoyin da aka naɗe da launin ɗorawa a ƙarƙashin sitiyari galibi na jakar iskar kariya ne, kada a bari a taɓa su. Motocin da suka fi sabunta kuma kwamfuta ce ke kula da fitilunsu, feɗe musu waya barkatai yana jawo ciwon da ya fi ƙarfin mai gyaran bakin titi. Kada kuma a jera manyan fitilu a gaban lagireto su tare masa iska. Abin da bai dame ka a Janairu ba zai tafasa maka inji a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Wajen saye, a duba gilashin fitilar. Wadda aka gwada bisa ƙa'ida tana ɗauke da harafin E da lamba a cikin da'ira, E1 Jamus, E2 Faransa, da sauransu; kusa da shi kuma B ko F3 na nufin fitilar hazo, R ko HR na nufin ta nesa. Da yake hatimi ma ana yin jabunsa, a roƙi mai shago ya jona ta a batir a haska bango. Ta hazo za ta zana shimfiɗaɗɗen haske mai kaifin iyaka daga sama. Idan ta watsa haske ko'ina kamar fitilar ɗakin taro, a ajiye masa abinsa, ko wat nawa aka rubuta a kwali. Bayan an ɗaura, a koma bangon nan na mita 10, a sunkuyar da ita ta faɗo kamar santimita 20 ƙasa da tsawonta.

Game da doka, yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da aka ƙulla a Biyana a 1968, wadda Nijar na cikinta, ta keɓe fitilar hazo ga lokacin hazo mai kauri, ko ruwan sama mai ƙarfi, ko yanayi makamancinsu, ta kuma wajabta sauke dogon haske idan za a yi kiciɓis da wani. Kafin a huda bamba, yana da kyau a tambayi masu bizit teknik abin da za su karɓa da abin da za su sa a cire.

Akwai gaskiya ɗaya da mai sayar da fitila ba zai faɗa wa Malam ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Fitilar hazo, komai kyanta, ƴan mita ashirin zuwa talatin take nunawa, wato abin da za ka cinye kafin ƙafarka ma ta isa birki. An yi ta ne don mai tafiya a hankali, 30 ko 40. Haka kuma idan ka dalle wa mai tahowa ido na daƙiƙa uku kacal yana wannan gudu, ya yi tafiyar fiye da mita 60 a makance, kuma kai ne a gefensa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1,19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma yankin Afirka ne ya fi kowane yawan mace-mace idan an auna da yawan jama'a, duk da ƙarancin motocinsa. A hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ba mota kaɗai ke tafiya da dare ba: akwai amalanke, da mai keke, da ɗan kabu-kabu da fitilar bayansa ta mutu tun bara, da garken da aka makara da shi.

Bayan mota ma yana da haƙƙi, kuma an fi mantawa da shi. Motar kaya mai tafiya a hankali cikin hazo ta fi fuskantar haɗari daga babbar motar da ke biye da ita. Motocin da aka yi don kasuwar Turai suna zuwa da jar fitilar hazo ta baya, mai ƙwan wat 21. A duba ko tana aiki, a kunna ta idan hazo ya yi kauri, a kashe idan ya washe don ita ma tana damun na baya. A goge ƙurar fitilun baya kafin a tashi, a manna kaset mai ƙyalli a ƙofar baya. Wanda ke da ɗan'uwa mai amalanke a ƙauye, ya yanka masa ragowar.

Saboda haka, Malam, amsarmu ga tambayarka ita ce: doguwar fitilar saman rufi ka bar ta a shago, ba za ta amfane ka a hazo ba. Ka fara da goge murfi, da sababbin ƙwai na asalin ƙarfinsu, da kankare tsatsa, da saiti a bango da kayanka a cikin mota. Idan ka ga da saura, ka sa fitilar hazo biyu a ƙasan bamba, da fis da rale, kana tsaye ana aikin. A ranakun da hazo ya rufe har rana ta koma kamar faifai, ka ga ko za ka iya kammala sayayya da wuri ka taso bayan azahar, ko ka kwana Maraɗi ka yi sammako. Muna jiran wasiƙarka bayan ka yi gwajin bango, ka gaya mana santimita nawa ka tarar haskenka ya haura layi.